Tsuntsayen Hunturu a Fadamar Rima: Baƙin da Tarihinmu Bai Rubuta Ba

Gabatarwa

Masu nazarin tarihin ƙasar Sakkwato sun yi rubuce-rubuce masu yawa a kan kwarin Rima. An rubuta labarin Alƙalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808, an rubuta na Wurno da Rabah da sauran garuruwan da suka jeru a bakin gulbi. To, amma akwai wasu baƙi da ke sauka wannan kwari kowace shekara, tun kafin a gina Alƙalawa, waɗanda ban ga inda marubutanmu na Hausa suka tsaya a kansu ba. Su ne tsuntsayen da ke zuwa bayan kaka, su yi hunturu a fadamunmu, su tashi kafin zafin bazara ya yi tsanani. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa zuwan waɗannan tsuntsaye wani sashe ne na tarihin fadamar Rima, kuma yawansu ko ƙarancinsu ma'auni ne na lafiyar fadamar da manomi da masunci da makiyayi duk suka dogara a kanta. Na dogara ne a kan abin da na gani ina yaro a ƙasar Goronyo, da ziyarce-ziyarce biyu da na yi, ɗaya zuwa Dagona a Jihar Yobe, ɗaya zuwa tafkin madatsar ruwa ta Goronyo, da kuma abin da masana suka tabbatar.

Fadamar Rima Kafin Madatsar Ruwa

Gulbin Rima yana samun ruwansa ne daga rafuka irin su Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi. Ya biyo ta ƙasar Sabon Birni da Goronyo da Wurno, sannan ya haɗu da gulbin Sakkwato, wanda ya ratso ta Rabah, a kusa da birnin Sakkwato. A da, idan damina ta yi nisa, gulbin kan cika ya batse, ya malale fadama gabas da yamma. Idan ruwan ya janye sai ya bar laka mai taki, ya kuma bar tafukka da kududdufai birjik, waɗanda wasunsu kan kai har bazara ba su ƙafe ba.

Wannan albarka ce ta ja hankalin magabata. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mayar da Wurno ribaɗi, ya zauna a can har rasuwarsa a 1837, kuma ya ƙarfafa wa jama'a zaman gari da noma a bakin kwarin. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ƙetare dajin Gundumi da ƙishirwa a 1853 kafin ya iso Wurno a zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, kuma ya ambaci noman shinkafa a wannan kwari. Wato tun wancan lokaci fadama ce rumbun yankin.

Ni kaina na riski ƙarshen wancan zamani. Ina ɗan firamare a ƙarshen shekarun 1960, mukan bi iyayenmu fadama bayan an yanke shinkafa. Da hantsi, in aka yi wani motsi, sai ka ga tsuntsaye sun tashi daga bakin tafki kamar hayaƙi, har su tare hasken rana na ɗan lokaci. Ba mu taɓa tambayar daga ina suke ba. Abin da ya dame mu shi ne wanda za mu samu da danƙo.

'Yan Gida da Baƙi

Bahaushen wannan yanki ya san tsuntsayen ruwa sarai, ya kuma ba su suna. Akwai kirinjijiya mai fito da dare, da ɗinya, da kwarwa, da zalɓe mai tsayuwa cik yana jiran kifi, da balbela mai bin shanu, da kwasakwasa, da zakaran ƙeƙuwa mai tona asirin maharbi, da gauraka mai tukku. Waɗannan 'yan Afirka ne, ko da yake wasunsu kan yi ɗan yawo suna bin ruwa.

Haka kuma Bahaushe ya san ƙaurar tsuntsu, domin yana da shamuwa. Da zarar an ga shamuwa ta sauka a kan tsamiya ko kukar gari tana sheƙa, manomi ya san damina ta ƙarato, sai ya shiga gyaran gona da neman iri. Saboda haka ba a taɓa ta, ba a jifar ta, kuma yaron da ya hau ya ɗebo ƙwanta zai sha faɗa wurin kowane babba a unguwa. Masana sun tabbatar da cewa idan ta bar mu bayan damina, gabashi da kudancin Afirka take nufa, inda damina ke sauka a lokacin da muke cikin rani. Ke nan shamuwa tana da hurumi a al'adarmu ba tare da wata dokar gwamnati ba.

Baƙin hunturu ba su sami wannan gata ba. Sukan iso ne daga watan Satumba zuwa Nuwamba, su tashi a Maris ko Afrilu. A cikinsu akwai wata ƙaramar agwagwar ruwa wadda namijinta ke da farin zane a kan ido kamar an sa masa alli, da wata mai dogon wuya da tsinin wutsiya. Akwai wasu masu dogayen ƙafafu da ke yawo garke-garke suna tsintar shinkafar da ta zube bayan girbi. Akwai wani ɗan tsuntsu mai rawayan ciki, mai kaɗa wutsiya, wanda ke kutsawa tsakanin ƙafafun shanu yana kama ƙwari. Akwai kuma farar shamuwa mai jan baki da jan ƙafa, wadda ta fi tamu girma, mai cin fara. Duk waɗannan a Turai da yammacin Asiya suke ƙyanƙyasa. Idan sanyin can ya daskarar da ruwa, abinci ya ɓace, sai su nufo kudu, su ƙetare teku da hamadar Sahara, tafiyar dubban kilomitoci. Ruwan farko da suke tararwa bayan hamada shi ne na fadamun Sahel: bakin kogin Sanagal, da fadamar Kwara a ƙasar Mali, da kwarin Rima, da fadamar Haɗeja da Nguru, da tafkin Cadi.

Yadda Aka Gano Hanyarsu

Kamar yadda mu ba mu san inda suke fitowa ba, haka Turawa suka daɗe ba su san inda suke tafiya ba. Har akwai masu cewa tsattsewa nutsewa take yi cikin laka ta yi barci sai sanyi ya wuce. A 1822 aka harbo wata farar shamuwa kusa da garin Klütz a arewacin Jamus, sai aka iske wani mashi na Afirka soke a wuyanta. Ta yi dukkan tafiyar da shi. Har yanzu gawarta na ajiye a Jami'ar Rostock. A 1899 wani malamin makaranta a ƙasar Denmak, Hans Christian Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa, domin duk wanda ya kama ɗaya a wata ƙasa ya aiko da labari. Ina so malamai su lura da wannan: malamin makaranta ne ya fara aikin, ba wata babbar hukuma ba.

Ta hanyar zobe aka gane cewa farar shamuwa ba ta son ratsa faffaɗan teku, domin iska mai ɗumi da ke tasowa daga ƙasa ce ke ɗaga ta. Don haka takan bi ta mashigin Jibralta a yamma, ko ta ƙasar Turkiyya a gabas. Haka kuma aka gane cewa abin da ya faru a ƙasarmu yana bayyana a tasu. Lokacin da fari ya fara kama Sahel a 1968, masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila sun ga cewa a 1969 fiye da rabin wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro bai koma ba. Farin da ya kai mu ga yunwar 1973, ya kashe mana shanu, ya sake dawowa a 1984, shi ne ya rage tsuntsaye a gonakin Turai. Hausawa na cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Waɗannan kuwa gida biyu gare su, kuma ɗayan gidan namu ne.

Ziyarar Dagona

Ban fahimci wannan duka ba sai da aikin gwamnati ya kai ni Jihar Yobe a wani watan Janairu, shekaru kusan 20 da suka wuce. Bayan mun gama abin da ya kai mu Gashuwa, wani abokin aiki ya matsa mini mu je Dagona, a ƙasar Bade, inda aka keɓe wani tafki domin tsuntsayen ruwa. Na bi shi ne don kara kawai, domin a tunanina babban mutum ba ya barin aikinsa ya je kallon tsuntsu.

Mun isa da sanyin safiya, hazo bai washe ba. Wani ma'aikacin gandun daji ya miƙo mini madubin hangen nesa, ya nuna mini wani wuri a kan ruwa da na ɗauka ciyawa ce. Da na duba sai na ga agwagi ne, kai da kai. Can na hango mai farin zanen nan a kan ido. Nan take na tuna da ita, domin ita ce muke kora da danƙo a fadamar Goronyo. Ma'aikacin ya buɗe wani littafi mai hotuna ya nuna mini taswirar ƙasashen da take ƙyanƙyasa. Na yi shiru, kunya ta kama ni. Na yi shekaru ina tattara tarihin sarakuna da yaƙe-yaƙe, amma ban san baƙon da ke kwana a bayan gidanmu ba.

Dagona ba ta sami wannan matsayi haka kawai ba. Bayan an gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ambaliyar da ke ciyar da fadamar Haɗeja da Nguru ta ragu, ga kuma fari. Wannan ya sa a 1987 aka kafa wani shiri na kare fadamar, da haɗin gwiwar ƙungiyoyin cikin gida da na waje. Yarima Philip na Ingila ya ziyarci Dagona a 1989, kuma a 1991 wurin ya shiga cikin Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tafkin Cadi. Akwai wata yarjejeniya ta duniya a kan kare fadamu da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. An sa tafkin Nguru a rajistarta a 2000, Dagona da Baturiya kuma a 2008. Babban abin da wannan ya haifar shi ne ƙidaya: an yi shekaru ana lissafa tsuntsayen wurin a tsakiyar hunturu ana rubutawa. Saboda haka mutanen can suna iya cewa ga abin da ya ragu, ga lokacin da ya ragu. A kwarin Rima kuwa babu wuri ko ɗaya a waccan rajista.

Madatsar Goronyo: Abin da Ta Bayar da Abin da Ta Karɓa

An kammala madatsar ruwa ta Goronyo a 1984. Tsawonta ya kai kilomita 12 da rabi, kuma an tsara ta ne ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 942, domin noman rani da kuma samar da ruwan sha ga Sakkwato da Birnin Kebbi. Tana ƙarƙashin hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima. Ba mai musun amfaninta. Albasa da tafarnuwar da Goronyo ta yi suna a kansu, da shinkafar rani, da kifin da ake lodi zuwa birni, duk suna da alaƙa da wannan ruwa.

Sai dai duk abin da ya bayar, ya karɓa. Ambaliyar shekara-shekara da ke cika ƙananan tafukka a ƙasan madatsar, daga Goronyo zuwa Wurno, ta daina zuwa yadda aka saba. Bugu da ƙari, daga shekarun 1990 rijiyoyin burtsatse da injunan ban ruwa suka yawaita, aka nome wurare da dama da a da kududdufai ne da makiyaya. Tsuntsun ruwa kuwa ba zurfi yake nema ba, ruwa maras zurfi yake so, mai laka da ciyawa, inda bakinsa zai taɓo abinci. Don haka babban tafki guda ɗaya bai maye gurbin ƙananan tafukka masu yawa ba. Ita ma madatsar ta ga nata tasku. A watan Satumba na 2010 ruwa ya fi ƙarfinta, aka yi ambaliyar da ta raba dubban mutane da gidajensu. A 2018 kuma ruwan ya janye har jami'ai suka bayyana cewa abin da ya saura bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, saboda ƙarancin ruwan sama da yashin da ya taru a cikinta.

Bayan na yi ritaya, a hunturun da ya biyo wannan janyewar ruwa, na sayi madubin hangen nesa na kaina, na tafi bakin tafkin. Wani dattijo masunci, wanda ya girme ni da fiye da shekara 20, ya ɗauke ni a jirginsa bayan sallar asuba. Muka nufi wajen da gulbi ke shigowa, inda ruwa ya baje a kan laka. A nan na ga baƙin. Ga agwagin, ga masu dogayen ƙafafu suna caccakar laka, ga wani shaho yana shawagi ƙasa-ƙasa a kan ciyawa. Suna nan, amma ba su tare rana ba.

Na ce masa, "Baba, waɗannan ƙananan agwagin, yaya kuke kiransu?"

Ya ce, "Alhaji, waɗanga ba 'yan gida na ba, baƙi na. Tun da nit tashi haka ni iske su. In ɗari ya shigo su zo, in zahi ya taso ka nemi ko guda ka rasa."

Na tambaye shi ko ya san daga ina suke zuwa. Sai ya yi dariya ya ce iyayensu sun gaya musu daga gabas suke, wajen Makka. Da muka koma gida ya shiga ɗaki ya fito da wani ɗan zobe na ƙarfe da ya ɗaure a jikin igiyar rediyonsa. Ya ce a ƙafar wata agwagwa da ta faɗa tarunsa ya cire shi, shekaru masu yawa da suka wuce. Akwai lambobi da haruffan boko a jiki, duk sun goge. Wani mutum a wata ƙasa mai nisa ya sa wannan zobe yana jiran labari, labarin kuwa ya tsaya a ɗakin Baba. Da na tambaye shi gauraka, ya ce rabonsa da jin kukanta tun kafin a gama dam. Jikokinsa da ke zaune tare da mu ba su taɓa ganin ta ba, sunan kawai suke ji.

Manomi da Tsuntsu

Wajibi ne a faɗi gaskiya: manomin shinkafa ba ya kallon tsuntsu da idon mai madubi. Wanda janbaki ya sauka wa a gona ya san asarar da ake yi a yini guda, kuma ba za a ce masa ya yi haƙuri ba. Amma janbaki ɗan Afirka ne, ba ya cikin baƙin hunturu. Mafi yawan baƙin ƙwari suke ci, da fara, da tsutsa, da ƙwayar ciyawa, da abin da ya zube bayan girbi. Matsalar ita ce maganin feshi da gubar da wasu ke barbaɗawa a bakin ruwa ba su san bambanci ba. Suna kashe mai laifi da maras laifi, su kuma gangara cikin ruwan da ake kamun kifi, ake shayar da dabbobi.

Keɓe wuri kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu a kan hukunce-hukuncen ƙasa, inda ya yi bayanin hurumi da filayen da ake keɓewa don amfanin jama'a. Burtali da makiyaya da mashaya duk daga wannan tunani suka fito, haka ma al'adar hana su a wani tafki har sai ranar da sarkin ruwa ya buɗe shi. Idan aka bar wani ɓangare na bakin tafki ba a nome shi ba, ba a harbi a cikinsa, kifi zai sami wurin hayayyafa, makiyayi zai sami ciyawar rani, tsuntsu kuma ya sami masauki. Amfanin na mutanen wurin ne kafin ya zama na wani.

Kammalawa

Ban manta da halin da gabashin Sakkwato ya shiga ba. Harin da 'yan bindiga suka kai kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021 ya ci rayuka da dama, kuma ƙauyuka da yawa sun watse a shekarun nan. Mai karatu zai iya cewa wanda ke neman tsira da ransa ina ya ga ta tsuntsu? Wannan gaskiya ne, kuma ba na ba kowa shawarar kai yara inda babu tsaro. Amma wannan hali shi ne ya sa aikin ya zama na gaggawa. Idan ƙauye ya tashi, dattawansa suka warwatsu a birane, sunayen tafukka da na tsuntsaye da lokutansu suna tafiya tare da su. Baban da ya ɗauke ni a jirgi ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, kuma abin da na rubuta daga bakinsa bai cika shafi uku ba.

Saboda haka ina kira ga malaman makarantun Goronyo da Wurno da Rabah da su yi abu uku da ba su buƙatar kuɗi. Na farko, kowane ɗalibi ya tambayi kakansa sunayen tsuntsayen ruwa da ya sani, da kamanninsu, da wurin da ake ganin su a da, a rubuta a littafi guda a ajiye a makaranta. Na biyu, a riƙa rubuta ranar da aka fara ganin shamuwa kowace shekara, da ranar da aka fara ganin baƙin hunturu, ko da daga harabar makaranta ne. Na uku, duk wanda ya sami zobe a ƙafar tsuntsu ya kawo a kwafe lambarsa da ranar da wurin, a miƙa wa jami'an gandun daji ko sashen nazarin halittu na jami'a. Ga iyayenmu sarakuna da sarakunan ruwa kuwa, roƙona shi ne su duba yiwuwar ba baƙin hunturu irin hurumin da kakanninmu suka ba shamuwa, ko da a kusurwa guda ce ta tafkin.

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Wannan baƙo ya yi ɗaruruwan shekaru yana zuwa ba ya saɓa alkawari. Ranar da ya daina zuwa, ba hanya ya ɓata ba, ruwa ne ya ƙare, kuma a ranar mu ma za mu nemi na sha. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya raya mana fadamunmu. Amin.